Gurbin da Tursun Ya Bari

Dusar ƙanƙara ta kwana kan kubbobin Samarkand,
shayina ya huce ban ko kurɓa ba.
A gabana kundi ne mai warin daɗewa,
asu ya cinye gefensa, ya rage mini tsakiya.
Mutum biyu suka cika shi, tawada ɗaya, hannu dabam:
Burhon, mai rubutu kamar an jera murjani,
da Tursun, mai rubutu kamar tonon kaza.

Shekara ɗari biyar da 'yan kai ke nan
da suke hawa soron makaranta bayan lisha,
ɗauke da rubu'in da'ira na tagulla
da zare mai ɗigon dalma a baki,
su tsuguna, su yi kwanton ɓauna,
sai tauraro ya hau tsakar sama
su cafke shi ta huda kamar kafar allura.

Ni aikina tuhuma ne.
Na sa na'ura ta juya sama da baya,
ta mai da kowane tauraro masaukinsa na wancan dare,
na ɗora lissafin matattu kan lissafin inji
in ga wa ya duba, wa ya ƙaga.

Burhon na fara so.
Lambobinsa santsi, ba tuntuɓe, ba kankara.
Gulcehra ce ta leƙo ta kafaɗata,
gurasa a hannu, riɗi yana zuba kan takarduna,
ta ce: Wannan riga ta cika fari,
mai ita bai je gona ba.
Muka ɗauko tsohon jadawalin malaminsa.
Ashe!
Ɗigo da ɗigo, har inda malam ya yi tuntuɓe
nan almajiri ya faɗi.
Sama yake rubutawa, kansa a sunkuye.

Tursun kuwa kullum a karkace.
Kaza da 'ya'yanta, ya ɗaga su sama kaɗan.
Zara ma haka. Kowane tauraro haka,
sudusin daraja, gefe guda, ba ya sauya ɓari.
Na ce ruwa ba ya tsami banza.
Muka sauka ɗakin ajiya, muka sa safar hannu,
muka kwance tagullar daga tsummanta:
ga ƙusar da zare ke rataya,
an kafa ta a goce, faɗin ƙwayar gero.
Laifin maƙeri ne, Tursun ya yi ta dakonsa
shekara goma sha ɗaya bai sani ba.

Na cire sudusin nan.
Taurarinsa suka koma mazauninsu ɗaya bayan ɗaya
kamar tumaki sun ji muryar mai su.
Abin da ya saura ɗan rawa ne,
yana ƙaruwa a watannin sanyi,
yana lafawa in inabi ya nuna.
Na daɗe ina kallon wannan rawa.
Yatsun mutum ne.
Ga su nan suna kyarma a cikin lamba,
ƙashinsu ya zama ƙasa tun tuni.

Sai shafi na tamanin da huɗu.
A dare ɗaya, a soro ɗaya,
Burhon ya jera taurari bakwai reras.
Tursun ya ja layi, ya bar gurbi fari fat,
a gefe ya tona da ƙafar kazarsa:
Hadari. Ban gani ba.

A rahotona akwai gidan kuskure,
akwai gidan gwargwadon yarda.
Na cika na farko da lamba.
Na biyun na rasa ma'auninsa,
don duk abin da na yarda da shi a kundin nan
a kan farin gurbin nan yake tsaye.

Gulcehra ta kashe fitila, ta ce mu tafi, motar ƙarshe.
A waje na ɗaga kai don al'ada.
Babu ko ɗaya.
Ƙanƙara ta sauko mini a gira,
na cusa hannuwa cikin aljihu.