Littafin Sallau

A Unguwar Rimi, inda injin niƙa yake a da,
bene ya tsiro, hawa biyar.
Ƙasa kanti, tsakiya ofisoshi,
can sama mutane ke kwana,
shanyarsu na kaɗawa bisa kanmu.

Ƙofar kantin da kanta take buɗewa.
Na shiga sau ɗaya, ranar albashi,
na tura keken ƙarfe cikin sanyi.
Kowane kaya da kuɗinsa a goshi,
ba tayi, ba gyara,
ba mai tambayata ya jikin Inna.

Tsallaken kwata Sallau na nan,
shagonsa faɗin tabarma biyu.
Shi ke raba sabulu gida uku,
ya ƙulla sukarin hamsin a leda.
Ya san wadda mijinta bai aiko ba,
ya rubuta ta a littafin da manja ya ɓata,
kansa a ƙasa, don kada ta ji nauyi.

Ciniki dai ya ja baya.
Gwangwanin madara ya yi tsatsa a kanta,
Tanimu na kusa ya rufe, ya koma jan keke.

Amma jiya, da fitilun kanti suka mutu,
mai gadin benen ya tsallako,
kakinsa a goge:
"Rabin burodi, Baba, da ganyen shayi,
sai ƙarshen wata."

Sallau ya lashi yatsa,
ya buɗe sabon shafi,
ya ce, "Wane suna zan sa?"