Kujerar Baya

Shekara goma sha ɗaya tana ƙofar gidana,
baƙa, doguwa, mai ƙofa huɗu.
In na taka ta daga gadar Binuwai,
kafin shayin fulas ya huce mun wuce Figil,
kafin la'asar muna sayen kilishi a Marwa.

Tanimu ya bi aikin tashar jirgin ruwa zuwa Duwala.
Azumi na koyarwa a Ngaundare.
Sallau, autana, ko waya sai kuɗi sun ƙare.
Wata Asabar na ɗaga ido na dubi madubi,
kujerar baya fayau,
ba mai faɗa a kan taga,
ba mai cewa Baba tsaya, ba mai kukan yunwa.

Sai na kira Hamajoda dillali.
Ya zaga ta sau biyu, ya shuri taya,
ya sa yatsa a bakin salansa ya shinshina
kamar mai tayin daddawa.
Ya ce, "Me kake so a madadinta?"
Na ce biyu. Ya ce, "Biyu?"
Na ce ɗaya ta zuciya, ɗaya ta wahala.
Na yi cikon miliyan uku na sefa, hannuna na rawa.

Ta zuciyar ja ce jawur, kujera biyu tak,
cikinta na lasar ƙasa.
Shigarta sai na durƙusa kamar mai gai da suruki,
fitarta sai gwiwa ta yi tsaki.
Balaraba ta leƙa ta ce, "Malam, ina mazaunin kwandon kifi?"
Sau ɗaya ta shiga.
Ɗankwalinta ya bi iska a Rumde Ajiya,
yara suka bi shi da gudu suna ihu,
tun ranar ko murfin ba ta sake taɓawa.

Ta wahalar fara ce, tsohuwa, mai dogayen ƙafafu.
Ta ci hanyar gonata ta bayan Lagdo da tsakiyar damina,
ruwa har gindin ƙofa, ko tari ba ta yi ba,
buhun albasa goma sha biyu a bayanta.
Amma unguwa ta gano ta.
Naƙudar tsakar dare, a buga mini ƙofa.
Kai gara Pitowa, a buga mini ƙofa.
Ragon suna, kwanon rufi, makarar tsohon ladan.
Na saye ta da sunana, ta zama ta kowa.

Ita kuwa jar, daga gida zuwa babbar kwalta
tudun rage gudu bakwai ne, na ƙirga,
kowanne sai ya gaisa da cikinta.
Jandarma kan tsayar da ni, ba takarda yake nema ba, hoto.
Sai Lahadi bayan asuba nake sakar mata linzami,
minti goma iska na marin kunnena,
ina ɗan ashirin da biyar,
har garken shanu ya dawo mini da shekaruna
ina tsaye ina jiran su gama tsallakawa.

Jiya na gan ta a bakin kasuwa, baƙar.
Wani mai kantin magani ya saye ta.
Yara uku a baya suna dambe a kan taga,
ga tabon zoɓon da Azumi ta zubar tana aji biyu,
Balaraba ta wanke har ta gaji, yana nan.
Ƙaramin na ta danna maɓallin gilashin hagu, ya ƙi.
Na matsa na ce, "Yaro, daki ƙofar sau biyu, nan ƙasa."
Ya daka. Gilashi ya sauka.
Ya dube ni kamar na yi tsafi,
uban ya ɗaga mini hannu yana wucewa.

Na laluba aljihu: mabuɗi biyu.
Farar, maƙwabci ya ara ya tafi biko.
Jar tana garejin Njidda mako uku,
wani ɗan ƙarfe muke jira daga Duwala.
Na tsayar da ɗan acaɓa, muka yi ciniki,
na tattare babbar riga na hau baya,
mabuɗan na ƙara a cinyata
muna ratsa ranar Garwa.