Bayan La'asar a Agege

Baba na ƙirga kwandunan tumatir a Mile 12,
ni ina ƙirga kwanakin da Nazifi bai zo Islamiyya ba.
Sha ɗaya.

Inna ta tsinci sunansa a bayan littafin lissafina,
sau bakwai, da jan biro.
Ba ta ce uffan ba.
Ta dai ƙara mini tsoka a miya,
hannunta na rawa.

Nakan daɗe a sujada.
Liman ya ɗauka tsoron Allah ne.
Shi ɗin ne,
da tambayar da ta maƙale a maƙogwaro:
Wanda Ya ƙera zuciyar nan
ai Ya san abin da ke ciki?

Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufinmu ya amsa.
Gobe Asabar.
Na goge takalmina.