Lissafin Gishiri

Da dare, in kwale-kwalen mai awo ya wuce,
nakan buɗe littafin da danshi ya kumbura
in jera lambobi a gindin fitila.
Nhan ce ni. Hekta ɗaya da rabi a Ca Mau,
can ƙarshen ƙasa, inda ruwan Mekong ke isowa a gajiye
ya miƙa wa teku ragowarsa.

Wata shida gonar ta ruwan sama ce, shinkafa ke kwana ciki.
Wata shida ta gishiri ce. Sai in ɗaga ƙyauren katako,
jatan lande su bi ruɓaɓɓen kara suna kiwo,
kashinsu ya zama takin baɗi.
Layin taki a littafina fili ne.
Layin magani ma fili ne.
Filin nan shi ne mafi tsokar ribata,
sai dai ma'aikacin banki bai iya karanta fili ba.

Shekara huɗu ke nan da Phuoc ya yi mini dariya ta kan shinge.
Ya haƙe gonarsa har ƙirji, ya shimfiɗa baƙar leda,
ya girke injuna masu fiffike suna marin ruwa har asuba.
Abinci na kamfani, ƙwaya ta kamfani, kuɗi na banki.
Kamun farko ya hau sabon babur,
ya yi wa gidansa shuɗin rufi.
Ni ina ƙwaƙule laka daga farce,
ƙyashi na cin cikina, ba zan ɓoye ba.

Kamu na uku, farin ɗigo ya fito a ɓawonsu.
Kwana biyu tak.
Warin ya kai har makarantar yara.
Ramin na nan, ya ƙi shinkafa, ya ƙi ko ciyawa,
gishiri ya riƙe ƙasar yadda bashi ya riƙe mai ita.
Babur ya tafi. Rufin bai tafi ba.
Phuoc na birni yana ɗaukar bulo,
matarsa kan zo aron mudu, ba ta kallon idona.

Kada a ce na fi shi wayo.
Tsoro ne, da kuma ba ni da abin jingina.

Bara wani saurayi ya zo, takalminsa fari fat,
yana tsallake taɓo kamar balbela.
Ya ce mutanen ƙetare na son irin nomana,
za su ƙara farashi in an buga mini hatimi.
Na ce, nawa ne hatimin?
Da ya faɗa, na lissafa da yatsu:
sai na yi kamu biyu kafin in biya shaidar
abin da ubana ya yi shekara arba'in ba takarda.

Tuyet, 'yata, tana ɓare jatan lande a masana'anta,
hannunta ya yi fari don ƙanƙara.
Ta ce fakiti ɗaya a kantin can
ya kai ladanta na kwana uku.
Tsakanin kwandona da wancan kanti
hannu nawa ne, kowa da lomarsa?
Ni da na bar ƙasar da rai, layina ne mafi siriri.

Ga kuma layin da ban san sunansa ba.
Kowace shekara gishiri na riga kalanda zuwa.
Da safe nakan tsoma yatsa a magudana in lasa.
Bana ya zo shinkafa na da ciki,
kwana goma sha ɗaya kafin lokacinsa.
Wa zan rubuta wa wannan bashin?
Ban ci ba, a ƙofata ake karɓa.

Na kunna turaren tsinke gaban hoton ubana,
na rubuta buhu ashirin da uku, na soke, na sa ashirin.
Ruwa ya fara hawa.
Bari in je in duba ƙyauren.