Kawuna Goma Sha Tara

Wata uku da ƙona gawar kakana Thongbai
na taso daga Vientiane a motar katako,
kwana biyu, laka har gwiwa.
Na hau tsanin gidanmu na gora
na iske su rataye inda ya bar su,
hayaƙin murhu ya dafa su sun yi baƙi:
kawuna goma sha tara na ƙaramar barewar dawa.

A duwatsunmu ba a ce tana kuka,
haushi take kamar karen da aka ɗaure.
Ƙahon namijin bai wuce tafin hannu ba,
duk shekara ya yar, wani ya tsiro,
ga fiƙa biyu sun leƙo ta gefen leɓe
kamar bai gama shawarar makamin da zai riƙe ba,
na cizo ko na tunkuɗawa.

A jami'a malama ta zana mana bishiya a allo.
Ta ce kakannin farko kansu fayau yake,
da haƙori suke raba gardama.
Zuriya ta yi rassa, shekaru miliyan bisa miliyan,
wasu suka zubar da fiƙa, suka ɗora reshe a ka,
suka bi ciyawa har ƙasashen ƙanƙara.
Tamu ta ƙi.
Ta riƙe tsoho ta karɓi sabo,
kamar mai ƙaura da ta goya tsohuwar tukunya,
ta shige kurmi ta zauna a inuwa.

Ni da idona, ta madubin ƙara girma,
na ƙirga zaren gado a ƙwayar jikin jar:
shida kacal.
'Yar'uwarta ta China, arba'in da shida.
Amma ka gan su tare a bakin rafi,
ka rantse ciki ɗaya ne ya yi haihuwa.

Kakana bai san baƙi ko ɗaya ba.
Shi da kunne yake kasa su:
ja mai ɓarnar gonar shinkafa,
mai duhun gashi da ke lasar gishiri a tudu,
sai babba mai dogon ƙaho, mai ƙin hanyar kowa.

Na shimfiɗa tabarma, na jera su,
na ɗauko ma'aunin ƙarfe da littafi.
Sha takwas suka faɗa gidajensu lami lafiya.
Na ƙarshe, wanda aka ɗaura wa jan zare,
goshi ya cika faɗi, turakun ƙaho sun gajarce.
Na auna, na goge tabarau, na sake,
littafin ya ƙi amsawa.

Kakata Bouakham na taunar ganyen da ke rina baki.
Ta tofar ta tsagar dabe, ta ce:
"Shekarar da jirage suka daina zubo wuta ya harbo ta.
Sau biyu ta yi haushi, da murya ƙasa-ƙasa.
Ya kawo naman, ya ƙi ci.
Damina talatin yana komawa kwarin nan
da shinkafa a ƙunshe, bai ɗauki bindiga ba,
bai kuma sake jin irinta ba har mutuwa."

Yanzu kan tudun duk tarko ne,
wayar birkin babur, dubu a jere,
ba ruwanta da ja, ba ruwanta da mai suna,
abin da ya taka shi take shaƙewa.

Na kankare ƙashi kamar ƙwayar gero a kwalba.
Na rubuta kwari, na rubuta shekara,
na rubuta sunan Thongbai a gurbin mai kawowa.
Layin sunan dabba na bar shi fari.
Wa ya sani, ko reshe ne ya karye
tun kafin mu kai gare shi da alli,
ko kuwa ja ce kawai mai karkataccen goshi,
ni kuma jika ce mai kewa.

Da dare wani abu ya yi haushi ta gabas.
Na miƙe zumbur.
Kakata daga cikin bargo ta ce,
"Karen Phomma ne, kwanta.
Gobe ki mayar da kan nan ƙusarsa,
fuskarsa ta kalli dutse. Haka yake ajewa."