Haruffan Dalma

A Wad Madani, bayan kasuwar hatsi,
shagon da rufinsa ke yoyo kan teburin gyara,
nan aka haifi Fartanya.
Shafi huɗu, ran Talata,
uku da Larabci, na baya da ajami saboda tsofaffinmu.
Ubana Tanimu ke jera haruffan dalma a juye,
shi ya sa ba a buɗe wasiƙa a gabansa.

Ba ta taɓa cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce ba.
Jam'iyyar manoman auduga ta saya mata inji,
ta biya da baki.
In namu ya yi tari, ta ce ya yi jawabi.
In nasu ya haƙa rijiya, ta ce a kula da rami.

Tsallaken titi akwai Fitila, ta fatake.
Shekara goma sha ɗaya suna zagin juna,
amma in tawada ta yanke,
ni ake aika da gwangwani ta ƙofar baya.

Tsadar takarda ce ta haɗa su, ba ƙauna ba.
Malam Barau da Ustazu Jaili kan tebur guda,
shayi kofi biyu, ba mai duban wani,
wata uku ana rigimar sunan wa zai hau sama.
Daga baya wani mai kuɗin Hartum ya haɗiye duka,
ya cire shafin ajami, ya sa tallan sabulu.
Ubana bai ce uffan ba. Ya daina wanke hannu kafin aiki.

Da harbi ya tsallako gada,
mai kuɗi na Masar, waya ba ta shiga.
Na kwance tsohon inji daga buhu,
na buga a bayan rasitan awon auduga:
wa ya kai Sinnar, wa aka binne a tsakar gida,
wace unguwa ce ke da ruwa.
Sunan jikan Barau na bin na jikar Jaili,
ban tambayi jam'iyyar kowa ba.

Fitowa tara. Sai aka ɓalle ƙofar.

Yanzu ina Gadarif, a ajin makaranta, mu gida shida.
Na tsira da gwangwanin madara cike da haruffa.
Jiya na zazzage su kan tabarma don in jera sunanta,
fa'un ya ɓace a hanya.
Jikata ta ce in ari wani.