Kan Shafewa

Shagona a Rafindaɗi taku huɗu ne da rabi,
rabin ma matattun rediyoyi sun cinye.
Nan aka sauke min akwatin marigayi Lawandi
a cikin buhun shinkafa:
injin amsa-kuwwa, mai zaren kaset a cikinsa,
wanda ya sa muryar mai shela ta cika filin Kangiwa
kamar mutum uku ke faɗar magana ɗaya.

Na kwance murfi.
Gizo-gizo ya tare a ciki har da iyali.
Bel ya saki jiki kamar taliyar jiya,
robar da ke danne zare ta ƙandare, ta yi ƙyalli.
Na tsoma auduga a sifirit,
na bi kawunan ɗaya bayan ɗaya,
ta shiga fara, ta fito da launin goro.
Ƙarfen juyi ɗigon mai ɗaya yake so, ɗaya tak.
Wanda ya zuba biyu, shi da barci sai wani mako.

Zayyanu, yaron shagona, na dariya ƙasa-ƙasa.
Ya buɗe kwamfuta: "Baba, ga irinsa nan,
ba bel, ba tsatsa, ba zuwa Kano neman kaya.
Har maɓallin tsufa gare shi.
Murɗa dama, murya ta yi rawa ta dishe,
murɗa hagu, ta koma sabuwa fil."
Na ce tsufan da ake murɗawa a dawo
ba tsufa ba ne, kwalliya ce.

Ya ce to mu gwada.
Ya sauko da tsohon injina na kan kanta,
ya ɗaure min ido da tsumman goge hannu,
ya kunna wannan, ya kunna wancan.
Na ɗaga yatsa: "Ga nawa, na san numfashinsa."
Kwamfuta na nuna.
Shekara talatin da ɗaya ina sana'ar nan.
Kafin azahar labari ya isa teburin mai shayi.

Da la'asar aka kawo wuta.
Na sa sabon bel, na kunna na Lawandi.
Zare ya zaga, ya zaga,
ban taɓa makirfo ba, sai ga murya:
"Gwaji, gwaji. Na baya kuna ji?"
ji, ji, ji,
sai tari gajere, irin na mai taba,
sai ya koma farko.

Na gane ciwon. Kan shafewa ne ya mutu,
mai share abin da ya wuce don sabo ya samu wuri.
Da ya ajiye aiki, zaren ya riƙe abin da aka ba shi na ƙarshe,
shekara tara a ƙarƙashin gado.
Waya ɗaya ce ta tsinke. Aikin minti biyu.
In na liƙa, Lawandi ya yi shiru.
In na bari, zaren na zubar da gari a kowane zagaye,
ba zai kai isha'i ba.

Ƙarfen dalma ya yi zafi a hannuna.
Zayyanu bai yi dariya ba.
Ya jawo igiyarsa ya soka,
ya kwashe muryar cikin abin da na raina,
har tarin, har ƙaras ɗin da mahaɗin zare ke yi
in ya bi ta kan kai,
ya tura wa Tabawa, ɗiyar marigayin, a waya.

Sannan na liƙa.
Zagaye ɗaya.
Shuuu.

Na yanki sabon zare, na haɗa bakinsa a karkace.
Yanzu ka yi masa sallama, ya amsa sau huɗu,
kowace amsa ta fi 'yar'uwarta nisa,
ta ƙarshe kamar daga bayan ganuwa.
Ya sake koyon mantuwa.
Kuɗin wannan aka biya ni.

Zayyanu ya ce in koya masa haɗa zare.
Na ce gobe. Ka zo da sabuwar reza,
ka wanke hannu,
kuma ka bar mai shayi ya huta.